Tsadar Gida Da Fili A Ƙasar Kachia: Ina Ikkilisiya Ta Tsaya?

 Yau muna so mu yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya a nan ƙasar Kachia ta Jihar Kaduna, wato tsadar wurin kwana, da tsadar fili, da irin zaman da jama'armu suke yi a cikin ɗakunan da suke biya wa kuɗin nan masu yawa. Mun san wasu za su ce wannan magana ta dillalai ce da 'yan siyasa, ba ta shafin ikkilisiya ba. To, a yi mana haƙuri a karanta har ƙarshe, sa'an nan a yanke mana hukunci.

Mu da muke aikin katikis a ƙananan majami'u, ƙofarmu akan fara bugawa idan abu ya faru. A da, masu tsayawa su gan mu bayan an tashi sujada, yawanci maganar baftisma ce ko ɗaurin aure ko addu'a domin marar lafiya take kawo su. Yanzu kuwa da wuya Lahadi biyu su wuce ba a kawo mana maganar ɗaki ko ta gona ba. Wani dattijo ya same mu da takarda a hannu, ya ce, "Malam, sa mini hannu a nan, kai ne shaidata." Da muka karanta sai muka ga ashe gonar bakin hanya ce, wadda shi kansa ya gada daga mahaifinsa, zai sayar da ita ɗungum. Muka ce, "Baba, 'ya'yanka sun sani?" Ya ce idan kuɗi ya shigo za su sani. Muka roƙe shi ya dakata mana mako biyu. Kafin rana ta faɗi ya riga ya sami wani mai sa hannun.

Ba a daɗe ba sai ga wani malamin firamare, mai mata da 'ya'ya huɗu, wanda ya shekara da shekaru a ciki da falo ɗaya yana biyan haya ba fashi. Mai gida ya ce masa ko ya biya ninkin abin da yake biya, ko ya kwashe kayansa a ƙarshen wata. Abin da ya fi ci mana rai shi ne, da mai gidan da ɗan hayar duk membobinmu ne, a tebur ɗaya suke karɓar jibin Ubangiji. Bayan su kuma wata gwauruwa ta zo da kuka, wai ƙannen mijinta sun kawo mai saye ya zagaya gidan da take ciki da marayunta, alhali ko shekara ba a yi da jana'iza ba. Waɗannan mutum uku su suka sa muka ɗauki alƙalami.

Bari mu fara da tambayar da kowa yake yi: me ya kawo wannan tsada a ƙasar da ba ta rasa fili ba? Mu dai mun ga dalilai huɗu, kuma sun haɗu ne a lokaci guda.

Na farko shi ne rashin tsaro. Shekarun da aka yi ana fama da masu garkuwa da mutane da 'yan bindiga a dazuzzukan Kachia da Kajuru da Kagarko sun sa iyalai da dama sun baro ƙauyukansu sun matso inda ake ganin jami'an tsaro. Mutumin da yake da ɗakuna biyar da rumbu uku a ƙauyensu ya dawo yana neman ɗaki guda a gari. Gidan da ya bari a can ba mai saye ko da kyauta, ɗakin da yake nema a nan kuwa mutum goma suna layi a kansa. Haka aka wayi gari da farashi iri biyu a ƙaramar hukuma ɗaya: inda ake kwana da ido biyu gida ya zama ba shi da daraja, inda ake samun barci kuwa ya gagari talaka.

Na biyu shi ne tsadar kayan gini. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. A watan Yuni na 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, darajarta ta faɗi warwas, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya tashi. Buhun siminti da ake saye wajen naira 5,000 a 2023 ya wuce naira 10,000 a watan Fabrairu na 2024. Kwano da rodi da ƙusa da katako duk suka bi sahu, ga kuɗin tifar yashi da ta tsakuwa. A watan Yuli na 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. A yi lissafi: a farashin naira 10,000, albashin wata guda buhu 7 ne na siminti, idan mai shi bai ci ba, bai sha ba, bai biya wa yaro kuɗin makaranta ba.

Na uku shi ne annobar citta. Kowa ya san citta ce ƙashin bayan arzikin Kachia da Jaba da Kagarko, kuma daga wannan yanki mafi yawan cittar Nijeriya take fitowa. Da kuɗin citta iyayenmu suka sauke jinka suka ɗora kwano, da ita aka yi aure aka yi karatu. A daminar 2023 cuta ta faɗa wa gonaki, ganye ya yi rawaya ya bushe, saiwa ta ruɓe a cikin ƙasa, har gwamnatin tarayya da kanta ta ƙiyasta asarar ta haura naira biliyan 12. Da yawa sun ci bashi ne suka sayi taki suka biya 'yan ƙwadago. Da shekara ta kewayo kuma irin shuka ya yi wuya, ya yi tsadar da ƙaramin manomi ba ya iyawa. Manomin da bashi ya shaƙe wa wuya, abu ɗaya ya rage masa da zai iya juyawa ya zama kuɗi, shi ne ƙasar da yake tsaye a kai.

Na huɗu shi ne jami'a. A watan Fabrairu na 2025 gwamnatin tarayya ta kafa Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Aikace-aikace a Kachia, a gine-ginen wata jami'a mai zaman kanta da kotu ta mallaka wa gwamnati, daga baya kuma aka naɗa Bishop Matthew Hassan Kukah shugaban majalisar gudanarwarta. Mun gode wa Allah saboda wannan, domin Kudancin Kaduna ya daɗe yana kukan neman jami'ar tarayya. Amma kowace jami'a takan zo da dubban ɗalibai da malamai da ma'aikata, dukansu kuwa sai sun kwana a wani wuri. Masu kuɗi na Kaduna da Abuja sun san haka tun kafin mu sani. Sun san yadda Samaru ta zama bayan an buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sun ga Keffi, sun ga Gidan Waya. Shi ya sa suke zuwa da kuɗi a hannu daidai lokacin da manomin citta ya fi kowa bukatarsa.

Wanda ya haɗa waɗannan huɗu zai gane inda hatsarin yake. Mai sayarwa yana sayarwa ne a lokacin da ya fi rauni, mai saye kuwa yana saye ne domin ya hango abin da filin zai zama nan da shekara goma. Hekta ɗaya ta gona takan ba da fuloti wajen 20 masu ƙafa 50 da 100 kafin a cire hanyoyi. Dattijon nan namu ya karɓi kuɗin gona, wanda ya saya kuwa kuɗin fuloti 20 zai karɓa. Kuɗin da ya karɓa zai biya bashi, ya sayi babur, ya yi wa ɗa aure, shi ke nan ya ƙare. Jikokinsa kuwa wata rana za su zo neman haya a kan ƙasar kakansu. Wanda yake ganin mun cika baki, ya hau mota ya bi ta Kwoi ya sauka Keffi, ya wuce Masaka da Mararaba da Karu, ya tambayi 'yan'uwanmu Gbagyi abin da ya sami gonakinsu tun da aka mai da mazaunin gwamnatin tarayya Abuja a watan Disamba na 1991. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Da a ce tsadar nan ta zo da gyaran zama, da da sauƙi. Mu da muke shiga gida-gida muna gai da marasa lafiya, mun san abin da ke bayan ƙofofin nan. Akwai gidan da iyali shida suke amfani da masai ɗaya, masan kuma yana dab da rijiyar da ake sha, alhali ma'aikatan lafiya suna cewa a bar aƙalla mita 30 tsakaninsu. Daga nan taifot da amai da gudawa suke fitowa. Akwai ɗakin da uba da uwa da 'yan mata da samarin da suka balaga suke kwana tare, da taga ɗaya ƙarama, a watan Maris da Afrilu lokacin da sanƙarau yake yawo. Akwai bulon da aka yi wa rowar siminti har yaro yana iya fasa shi da ƙafa, da ruwan sama ya yi ƙarfi sai bango ya tsage. Sa'an nan mu hau bagade mu yi wa'azi a kan tarbiyyar yara da tsarkin aure, ba tare da mun tambayi inda iyalin nan suke shimfiɗa tabarma ba.

To, mene ne Littafi Mai Tsarki ya koya mana? A Littafin Firistoci sura 25, Allah ya hana Isra'ilawa sayar da ƙasa har abada, domin ƙasar tasa ce, su kuwa baƙi ne a wurinsa. Wanda talauci ya sa ya sayar, danginsa na kusa yana da hakkin ya fanso, idan kuma ba a fanso ba, a shekara ta 50 gonar takan koma ga iyalin. Ma'ana, abin da ake sayarwa a gaskiya shi ne amfanin shekarun da suka rage. Saboda wannan ne Nabot, a 1 Sarakuna 21, ya ƙi ba Sarki Ahab gonar inabinsa ko da an ce za a ba shi wadda ta fi ta ko kuɗinta. Annabi Ishaya a sura 5 ya yi kashedi ga masu haɗa gida da gida da gona da gona har sauran mutane su rasa wurin zama, Mika kuma a sura 2 ya tsawata wa masu ƙyashin gonakin mutane suna ƙwacewa.

Labarin da ya fi kama da namu yana cikin Nehemiya sura 5. Ana cikin aikin gina garun Urushalima, sai talakawa da matansu suka yi kuka mai zafi: yunwa da haraji sun sa sun jinginar da gonakinsu da gidajensu, waɗanda suka karɓa kuwa 'yan'uwansu ne Yahudawa. Nehemiya bai ce a bari sai an gama ginin garu ba. Ya tara babban taro, ya tsawata wa manya a gaban jama'a, ya sa suka yi rantsuwa za su mayar da abin da suka karɓa. Muna tambaya, a majami'unmu wa zai zama Nehemiya?

Mun san masu gidajen haya suna da abin faɗa, kuma adalci ne a saurare su. Wani zai ce, "Malam, ni ma fa kuɗin sallamata na zuba a ginin nan, shi ne fanshona. Kwanon da ya yi tsatsa da farashin yau zan canza shi." Gaskiya ne, kuma ba mu ce kada a ƙara kuɗin haya ba har abada. Wanda ya yi gini ya cancanci ya ci amfaninsa. Amma akwai bambanci tsakanin ƙarin da tsadar gyara ta kawo da ƙarin da ganin ɗan'uwa ba shi da mafita ya kawo. Ɗakin da aka gina shekara 20 da suka wuce, ba a taɓa sa masa ko fenti ba, me ya canza a jikinsa da zai ninka cikin dare ɗaya? Layin masu nema ne kawai ya yi tsawo. Kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne, ga mai shi da ga jama'a.

Mai sayar da gona shi ma yana da tasa hujjar. Zai ce yaronsa yana kwance a asibiti, ko masu garkuwa sun ba shi kwana uku, wa'azi kuwa ba ya biyan kuɗin fansa. A nan dole mu sunkuyar da kai, domin sau da yawa ikkilisiya ba ta zo da komai ba sai addu'a da gaisuwa. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta riga ta gaya mana cewa yi wa mai yunwa da marar tufa fatan alheri da baki kawai ba ya amfana masa kome. Idan muna so ɗan'uwa ya riƙe gonarsa, sai mu ba shi wata igiyar da zai kama.

Kada kuma wani ya ɗauki maganarmu ya mai da ita ta ƙabila ko ta addini. Ƙasar Kachia ta Adara ce da Ham da Bajju da Kuturmi da Hausawa da Fulani da sauran waɗanda Allah ya zaunar a cikinta, tsadar haya kuwa ba ta tambayar mutum inda yake sujada. Baƙo yana da hakkin ya sayi wurin zama. Ibrahim kansa baƙo ne a Kan'ana lokacin da ya sayi saurar Makfela da shekel 400 na azurfa a gaban shaidu, kamar yadda Farawa 23 ta nuna. Malamin jami'a da zai zo ya koyar da 'ya'yanmu, muna masa maraba. Wanda muke jin tsoro shi ne mai sayen gonaki ya kewaye da waya ya ajiye yana jiran farashi, kuma sau da yawa wannan ɗan gida ne, sunansa irin namu, muna ma kiransa ya zama babban baƙo a ranar godiyar kaka.

Ga shawarwarinmu, muna miƙa su ga fastoci da dattawan ikkilisiya da zumuntar mata da ta matasa.

Da fari, kada wani ma'aikacin ikkilisiya ya sa hannu a takardar sayar da gonar gado sai an tara magada duka, har da mata da 'ya'ya mata da waɗanda suke birni. Mu dai mun ɗauki wannan alkawari. Iyalin da dole ta kama su, su yanki gefe su sayar su bar sauran, ko su ba da hayar filin na shekaru sanannu a rubuce, ko su haɗa hannu da mai kuɗi ya yi gini a raba ɗakuna. Game da gwauraye da marayu kuwa, Ubangijinmu ya yi magana mai zafi a Markus 12 a kan masu cinye gidajen gwauraye, Littafin Ƙidaya sura 27 kuma ya nuna yadda Allah ya ba 'ya'yan Zelofehad mata gadon mahaifinsu. Ko a dokar ƙasa, a 2014 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'u biyu da suka shafi al'adar Ibo, ta rushe al'adar hana 'ya mace gadon uba da ta korar gwauruwa daga gidan mijinta. Duk memban da ya kori matar ɗan'uwansa daga gida, ya kamata majalisar dattawa ta hore shi kamar yadda take horon mazinaci.

Na biyu, mu koyi yin takarda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Inda aka ayyana birni ne, gwamna yake ba da takardar mallaka, a karkara kuwa ƙaramar hukuma take ba da izinin zama bisa al'ada, kuma sayarwa ba ta cika a idon doka sai da amincewar hukuma. Idan gwamnati ta karɓi fili domin aikin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta gini ce da amfanin gona da itatuwan da ke kai. A Jihar Kaduna hukumar KADGIS ce take lura da rajistar filaye. 'Yar takardar da aka rubuta a gindin mangwaro da sa hannun mai unguwa tana da amfani, amma ba ta isa ba. Annabi Irmiya, a sura 32, da ya sayi gona a Anatot daga Hanamel ɗan baffansa, ya auna shekel 17 na azurfa, ya rubuta takarda, ya kira shaidu, ya hatimce, ya ba Baruk ya ajiye a tukunyar ƙasa domin ta daɗe. Filayen majami'unmu ma da yawa kyautar baki ce da kakanni suka yi wa 'yan mishan, jikokin masu kyautar kuwa sun fara tambaya. Kowace gunduma ta nemi lauya da safiyo daga cikin membobinta su yi wa jama'a bayani, a kuma yi rajista a ƙungiyance domin kuɗin ya yi sauƙi.

Na uku, masu gidajen haya da ke cikinmu su yi wa Allah alkawari a kan abu huɗu. A rubuta yarjejeniya. A ba ɗan haya sanarwar wata shida kafin ƙari ko tashi. Kada a nemi kuɗin shekara biyu a dunƙule daga mai karɓar albashin wata ko manomin da yake ganin kuɗi sau ɗaya a shekara. Kada kuma a ƙara ɗaki a gida sai an ƙara masai. 'Yan haya su ma su biya a kan lokaci, su riƙe gidan mutane da amana, domin rashin biyan wasu ne yake sa masu gida suna taurare zuciya.

Na huɗu ya shafe mu kai tsaye. Kusan kowace majami'a tana da asusun gini, kuma kusan kullum na faɗaɗa majami'ar ne ko sa tayil ko gina hasumiya. Mun san za a karanta mana Haggai sura 1, inda aka tsawata wa mutanen da suke zaune a gidaje masu ado alhali Haikali yana kango. Amma a duba da kyau, a wurare da yawa yau abin ya juya: majami'a ce take da silin da fanka, masu ba da baikon kuwa suna tara kwanoni a ɗaka idan ana ruwa. Majami'ar da take da fili a kusa da gari ta gina ɗakuna masu sauƙin haya domin ɗalibai da waɗanda aka raba da ƙauyukansu. Za ta sami kuɗin shiga, za ta kuma ja farashin unguwa ƙasa. A tuna kuma da fastoci da masu bishara da suka ƙare ƙarfinsu a gidan mishan, ranar ritaya aka yi musu liyafa aka ba su agogon bango, ba su da ɗakin da za su rataye shi. Mu da muke zaune a gidajen ikkilisiya yau mun san wannan rana tana jiranmu.

Na biyar, mu dawo da gayya. Iyayenmu ba su san bashin banki ba, amma ba wanda ya kwana a waje, domin sun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, inda ake cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci, amma manomi ba shi da albashi, mai neman rancen kuma sai ya nuna takardar fili. Abin da yake hannunmu shi ne adashi. Zumuntar mata ta daɗe da ƙwarewa a kansa. A yi adashin kwano da siminti, a sayi kayan nan take kada kuɗin ya narke a hannu. Allah kuma ya ba mu jar ƙasa mai kyau. Tubalin da aka gauraya da siminti kaɗan aka matse da inji yana da ƙarfi, ya fi bulo sanyi lokacin zafi, idan aka yi masa harsashi mai tsayi da rufi mai baki yakan daɗe ƙwarai. Raina ginin ƙasa da muke yi ganin ido ne kawai. Gunduma ɗaya za ta iya sayen inji guda, a koya wa matasa, ya riƙa zagaya majami'u.

Ga hukuma kuma muna da kira. Ƙaramar hukuma da gwamnatin jiha su fitar da tsarin unguwanni tun yanzu, da hanyoyi da magudanan ruwa da wurin makaranta da kasuwa da maƙabarta, kafin gine-gine su cushe, gama tun ran gini ran zane. Jami'a ta gina isassun ɗakunan kwanan ɗalibai domin nauyin ya ragu a kan gari. A taimaki manoman citta da iri mai lafiya da rance mai sauƙi. Fiye da kome, a tabbatar da tsaro a Awon da Ankwa da Bishini da Katari da sauran ƙauyuka, domin ranar da mutum ya tabbata zai kwana lafiya a gidan ubansa, da ƙafarsa zai koma, layin masu neman ɗaki a gari kuwa zai ragu.

Game da mutum ukun da muka fara da su, gonar dattijon nan ta tafi, an riga an kafa duwatsun iyaka a inda yake shuka citta. Malamin makarantar kuwa, dattawa sun zauna da shi da mai gidansa har sau biyu, aka daidaita a kan ƙarin da zai iya biya. Maganar gwauruwar tana gaban majalisar ikkilisiya, ita da 'ya'yanta kuma suna cikin gidansu har yanzu. Muna roƙon kowace majami'a da wannan shafi ya isa gare ta, ta sa maganar gida da fili a cikin ajandar taronta na gaba, a kira masu gida da 'yan haya da magada a zauna a faɗa wa juna gaskiya cikin ƙauna.

Ubangiji da ya zo duniya aka rasa masa wuri a masauƙi, ya ba mu zuciyar tausayin waɗanda ba su da wurin sa kai, ya kuma ba shugabanninmu hikima. Alherin Ubangijinmu Yesu Kristi ya tabbata tare da ku duka. Amin.